Zafi da Ambaliya a Legas: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Cinye Daji da Fadama Ke Taɓa Yanayi

'Yan Arewa da suka daɗe a Legas suna yawan cewa garin ba kamar da ba ne: dare ya ƙara zafi, ruwan sama kaɗan sai unguwa ta cika. An tattaro tambayoyin nan daga irin hirar da ake yi a majalisu da rumfunan kasuwa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, da kuma wajen masu neman fili a Ikorodu da Ajah. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna.

Me ake nufi da sauyin amfani da ƙasa, kuma mene ne haɗinsa da yanayi?

Abu biyu masana suke dubawa. Na farko abin da ya lulluɓe ƙasar: kurmi ne, ko ciyawa, ko fadama, ko ruwa, ko kwalta da rufin kwano. Na biyu abin da mutane suke yi da ita: noma, kiwo, kasuwa, gidaje, masana'anta. Idan aka sare kurmi aka yi gona, daga baya aka yanka gonar fuloti-fuloti, aka gina, aka shafe tsakar gida da siminti, to an sauya duka biyun, kuma yanayin wurin ba zai zauna yadda yake ba.

Hasken ranar da ya sauka ƙasa gida uku yake rabuwa. Wani ya koma sama yadda ya zo, wani ya tafi wajen mayar da ruwa tururi, ragowar kuma ya gasa ƙasa da iskar da ke kanta. Na tsakiyar nan shi ne mai sanyaya gari. Bishiya tana zuƙo ruwa da saiwa ta fitar da shi ta ganye, kuma kowace lita ɗaya da ta zama tururi tana tafiya da zafin da ya kai wajen kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya na wutar mita. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san wannan, domin gumin da randar take yi ne yake sanyaya abin da ke cikinta. Kwalta da kankare ba sa gumi. Zafin da suka sha da rana suna riƙe da shi, sai dare ya yi su amayar.

Da gaske Legas ta canza haka, ko dai zancen tsofaffi ne kawai?

Tsofaffin suna da gaskiya, kuma akwai hoto. Tun 1972 taurarin ɗan adam na Landsat suke ɗaukar doron ƙasa, kuma mai waya zai iya shiga Google Earth ya bi hotunan Legas daga 1984 zuwa yau, ya ga kore yana ja da baya, toka-toka tana cin sa. A ƙidayar 1963 mutanen birnin ba su kai 700,000 ba. Ƙidayar 2006 ta ba jihar miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar ta ƙi amincewa ta ce sun haura miliyan 17, yau kuma tana cewa sun wuce miliyan 20. Duk wannan taro a jihar da ta fi kowace ƙanƙanta a Najeriya, murabba'in kilomita 3,577, wanda fiye da kashi ɗaya cikin biyar nasa ruwa ne.

Agegen da muke ciki, a farkon ƙarni na 20 gonakin koko da goro ne, kuma fataucin goron yana cikin abin da ya zaunar da Hausawa a Zango. Yau sai an yi da gaske kafin a nuna wa yaro bishiyar goro a can. Maroko kuwa unguwar talakawa ce a bakin ruwa. A Yulin 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka rushe ta, mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni, aka cike wurin da yashi aka yi gidajen masu hali. Daga nan gini ya kama hanyar Lekki zuwa Epe bai tsaya ba: tashar jiragen ruwa ta Lekki a Janairun 2023, matatar man Ɗangote a Mayun 2023, sai titin gaɓar teku zuwa Kalaba da aka soma a 2024. Mai son ganin yadda Lekki take a da ya je gandun dajin da aka keɓe a 1990, mai hekta 78. Fadama ce da kurmi da birai, yanzu gidaje sun kewaye ta.

Malam, a ma'auni Kano ta fi Legas zafi. To me ya sa a nan ne barci yake gagara?

Haka ne, ɗan'uwa. A watan Afrilu Kano takan haura digiri 40, Legas kuwa da wuya ta wuce 35. Amma iskar Kano a lokacin busasshiya ce, gumi yana fitowa yana bushewa, jiki yana samun sauƙi. Iskar Legas cike take da laima, sau da yawa sama da kashi 80 cikin 100, gumi ya fito ya rasa inda za shi, ya jiƙa riga ya tsaya. Wannan halin teku ne, tun fil azal haka yake.

Abin da aka ƙara a kai shi ne zafin dare. Ka taɓa katangar bulo mai kallon yamma da ƙarfe goma na dare a gidan haya irin na ɗaki yana kallon ɗaki: za ka ji ta da ɗumi kamar yanzu rana ta faɗi. Rufin kwano ba silin, taga ɗaya tana kallon katangar maƙwabci, tsakar gida siminti, ga janareta uku suna ruri a lungu. Masana suna kiran wannan tsibirin zafi, wato birni ya fi ƙauyukan da ke kewaye da shi ɗumi, musamman da dare. Wani Bature mai suna Luke Howard ya auna shi a Landan tun farkon ƙarni na 19. Shi ya sa direban da ya kwana a hanyar Epe ko Badagry yake cewa can da asuba har mayafi ake nema, alhali a Mushin da Oshodi fanka ma iska mai ɗumi take kaɗawa.

Legas tana da rahamar da Kano ba ta da ita, wato iskar teku da ke kaɗowa da rana ta yi tsaka zuwa la'asar. Dogayen gine-gine da cunkoson gidaje suna rage mata ƙarfi kafin ta kai unguwannin ciki.

Ashe ba ɗumamar yanayi ta duniya ba ce ta jawo duk wannan?

Da hannunta, amma ba ita kaɗai ba. Zafin da aka sha a Fabrairun 2024 a kudancin Afirka ta Yamma, lokacin gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin nahiyar Afirka, masu bincike sun lissafa cewa ɗumamar duniya ta ƙara masa wajen digiri 4 a yadda jiki yake jin sa. Teku ma ta tashi kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, kuma ga gari mai kwance kamar Ikko wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a lura: ɗumamar duniya ba ta san bambancin Ikoyi da Ajegunle ba, sama ɗaya ce a kansu. Idan unguwa biyu suna gari ɗaya, ɗaya tana da inuwa ɗaya tana ƙuna, ɗaya ruwa yana wucewa ɗaya yana kwana, to a duba ƙasa. A ganina an fi son zancen sauyin yanayi a bakin hukuma domin ba shi da mai laifin da za a nuna da yatsa. Wanda ya sa hannu aka cike fadama kuwa yana da suna da ofis.

Ruwan da a da ba ya ko rufe idon sawu, me ya sa yanzu yake shiga ɗaki?

A yi lissafi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fulotin Legas, ƙafa 60 a 120, ya kusa murabba'in mita 670. Idan aka yi ruwan milimita 100, wanda ba baƙon abu ba ne a Yuni da Yuli, fuloti ɗaya ya karɓi lita 67,000, wato jarkar mai ga-ruwa ta lita 25 fiye da 2,600. Da ciyawa da bishiya ne a wurin, ƙasa za ta sha kaso mai yawa, ragowar ya gangara a hankali. Idan kwano ne da siminti daga katanga zuwa katanga, kusan duka zai fito ta ƙofar gida cikin 'yan mintoci, ya haɗu da na maƙwabta dubu, a kwatar da aka haƙa tun unguwar tana da gida ɗari.

Na biyu, ina ruwan zai je? Aikin fadama ke nan: ta karɓi ruwa ta riƙe, ta sake shi sannu a hankali. Wanda ya cike fadama ya ɗaga gidansa bai kashe ruwan ba, ya tura shi ne ga wanda ya fi shi kwari. Na uku, yawancin magudanan Legas a lagun suke zubawa, wato babban tafkin da ke haɗe da teku. Idan ruwan sama ya zo daidai da cikar teku, bakin magudanar a toshe yake da ruwa, sai abin ya dawo da baya. Ambaliyar 10 ga Yulin 2011, da ta Yulin 2017 da ta mamaye Lekki da Ajah da Victoria Island, da ta 3 ga Yulin 2024 da ta tsayar da motoci a Iyana Oworo, duk ruwa ne mai yawa ya sauka a garin da aka rage wa wurin ajiye shi.

Amma ai hukuma tana cewa shara ce take toshe kwata.

Ba ƙarya ta yi ba. Wanda ya leƙa kwatar bayan kasuwa bayan an ɗauke ruwa zai ga ledar fiya wata da robar lemo da ruɓaɓɓen tumatir da kwandon da ya karye, sun yi dandaƙo a bakin kwalbati. Wannan namu ne, kuma babu amfanin musu. Hana farar robar zuba abinci da jihar ta yi a Janairun 2024 daidai ne.

To amma a kwashe shara tas, kwatar ba za ta iya ɗaukar ruwan da aka lissafa a amsar da ta gabata ba. Gwamnati da kanta ta rushe gine-ginen da suka hau hanyar ruwa a Ikota da Mende, kuma ba 'yan talla ne suka gina su ba.

Muna Mile 12. Wata shekarar rana tana ƙwallewa, ba ko ɗigon ruwa, sai ambaliya ta zo. Daga ina?

Daga kogin Ogun. Akwai madatsar ruwa ta Oyan kusa da Abeokuta, da aka buɗe a 1983. Idan ta cika a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, dole a saki ruwa don kada ta fashe. Ruwan yana biyo kogin ya sauko Isheri da kasuwar Kara da Agiliti da Owode Onirin da Ajegunle ta hanyar Ikorodu. Wanda ya ga ta Oktoban 2010 ba zai manta ba.

Wuraren nan duk kwarin kogi ne, shimfiɗarsa ce idan ya cika. Kuma abin da ake yi a can sama, a jihohin Ogun da Oyo, yana saukowa nan: inda aka sare daji, ruwa yana gangarowa da sauri da laka, lakar ta cike cikin kogi, ya rage zurfi, ya fi saurin tumbatsa. Masu dabbobi a Kara da masu rumfa a bakin ruwa su riƙa bin sanarwar sakin ruwa daga Agusta, kada a jira sai an ga ruwa a turke.

Cike teku da yashi, irin na Eko Atlantic, kariya ne ko ƙarin matsala?

Labarin ya fi aikin tsufa. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar jiragen ruwa. Igiyar teku a wannan gaɓar tana kwasar yashi daga yamma zuwa gabas, katangun suka tare shi, gefen yamma ya yi ta tara yashi, Bar Beach da ke gabas ta yi ta zaizayewa har teku ta riƙa hawa titin Ahmadu Bello. A 2008 aka soma Eko Atlantic: a ciko fili kusan murabba'in kilomita 10 daga teku, a kare shi da katanga mai tsawon kilomita 8.5. Victoria Island ta samu sauƙi, wannan ba a musu. Mazauna ƙauyukan gabas da wurin, irin su Okun Alfa, suna ƙorafin cewa zaizayar ta koma kansu, masu aikin kuma suna musantawa.

Wanda ba a cika magana a kai ba shi ne ƙananan cikon da ake yi kullum a gefen lagun, da jiragen da ke zuƙo yashi daga gindinsa. Gaɓar nan a da itatuwan mangurof ne, masu saiwa a waje kamar ƙafafu, suna karya ƙarfin igiya, suna riƙe laka, kifi yana ƙwai a cikinsu. Duk inda aka cike, an rage wa lagun ciki. Ga kuma ƙasar da kanta tana nutsewa a hankali a wasu sassa, saboda laka ce mai laushi aka ɗora wa nauyi, kuma kowane gida ya haƙa rijiyar burtsatse yana zuƙe ruwan da ke ƙarƙashi.

Shin gari yana iya sauya ruwan saman da kansa, ba inda yake gangarawa kaɗai ba?

Yana iyawa. Ƙasar da aka sare wa daji ta fi zafi da rana, iska mai ɗumi ta tashi sama, iskar teku mai laima ta shigo da ƙarfi ta maye gurbinta, inda suka haɗu hadari ya haɗu. Wani bincike da masana daga Birtaniya suka fitar a 2022, bayan bin hotunan tauraron ɗan adam na shekara 30, ya gano cewa a sassan gaɓar Afirka ta Yamma da aka sare wa daji, yawan manyan hadura ya ninka. Ba lallai jimillar ruwan shekara ta ƙaru ba. Yadda yake zuwa ne yake sauyawa, a zubo shi lokaci ɗaya. Idan aka haɗa wannan da lissafin fuloti da ke sama, an ga inda aka dosa.

Sare daji a Kudu yana iya taɓa daminarmu a gida?

Wannan tambaya ce mai nauyi ga wanda yake nema a Ikko amma gonarsa tana Katsina ko Jigawa. Daminar Arewa daga tekun nan take tasowa. Iska tana ɗauko laima daga Atilantika ta yi arewa, ta zubar a kurmi, bishiyoyi su mayar da wani kaso sama, iska ta ƙara gaba da shi. Dajin Kudu zango ne a hanyar ruwa.

Bayan farin 1972 da 1973, wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayi a 1975 cewa ƙwaƙule ciyawa da itatuwa a yankin Sahel yana rage ruwan sama. Bincike na baya ya nuna babban dalilin farin, har da na 1983 da 1984, sauyin ɗumin ruwan tekuna ne, lalacewar ƙasa ta ƙara masa tsanani ne kawai. Don haka ɗora wa makiyayi da manomi laifin fari gaba ɗaya zalunci ne. A 1997 kuma Elfatih Eltahir, ɗan Sudan da ke koyarwa a Amurka, da abokin aikinsa suka gwada a kwamfuta suka ga rasa dajin gaɓar Kudu ya fi raunana iskar damina fiye da kwararowar hamada a bakin Sahara. Gwajin kwamfuta ne, a riƙe shi a haka, amma ya nuna cewa dashen bishiya a Arewa kaɗai bai gama magana ba.

Gyara kuma yana yiwuwa. Manoman Maraɗi da Damagaram, da suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona maimakon sarewa, sun farfaɗo da kusan hekta miliyan 5.

Gawayin da muke saye fa?

Mai tsire da mai shayi da mai gasa masara duk da shi suke aiki, kuma duk lokacin da gas ya yi tsada gidaje suna komawa kansa. Buhunan da ake saukewa a Legas da yawansu daga dazukan Oke-Ogun a jihar Oyo da Kwara da Neja suke, wasu daga yankin da yake shayar da kogin da aka ambata a amsar Mile 12. Ba za a ce wa mai neman na tuwo ya bari ba, amma murhu mai rufi da ke tsimin gawayi yana rage kashe kuɗi da sara tare.

Ina son sayen fili a Ikorodu ko Ajah. Ta yaya zan gane ba hanyar ruwa ba ce?

Alhaji, kada ka je ganin fili a Janairu. Lokacin hunturu kowace fadama tudu ce a bakin dillali. Ka je a Yuni ko Yuli, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka taka da ƙafarka. Dubi katangun maƙwabta, ruwa yana barin zane a inda ya tsaya. Dubi dokin ƙofar shaguna: idan kowa ya ɗaga nasa da bulo biyu ko uku, an ba ka amsa. Tukurwa da kainuwa da baƙar laka mai wari alamar ruwa ne. Sa a haƙa rami. In ruwa ya taso kafin a kai gwiwa, kuɗin harsashin ginin zai iya fin kuɗin filin. Tambayi mai shayi ko mai gadin unguwar, su ba su da kamasho a cinikin.

Ta fuskar takarda, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka rasidin omo onile, 'ya'yan masu ƙasa, bai isa ba. A kai taswirar filin ofishin babban safiyo na jiha a Alausa a bincika ko gwamnati ta keɓe wurin, ko yana cikin tazarar da aka hana gini a gefen kanal ko kogi. Ginin da ya hau wannan tazara ana rushe shi ko da an shekara goma a ciki, kamar yadda aka gani a amsar shara.

Ni da 'ya'yana haya muke yi. Akwai abin da za mu iya, ko sai masu gida?

Hajiya, kaso mafi girma na masu gida ne da hukuma, amma ɗan haya ma yana da nasa. Silin ko da na kwali ne yana tare zafin kwano. Labule mai kauri ko tabarma a tagar yamma daga azahar, a buɗe ƙofa da taga tare bayan magariba don iska ta ratsa. A tara ruwan indararo a durom mai murfi: an rage abin da zai tafi kwata, an rage sayen jarka. Tsofaffi da jarirai da masu hawan jini su ne zafin dare ya fi yi wa illa, a kula da shan ruwansu a Fabrairu da Maris.

Mai gida kuma, in zai sake rufi ya zaɓi kwano mai haske, domin baƙi da ruwan ƙasa mai duhu da ake yayi suna shan rana. Kada ya shafe tsakar gida duka; intalok da aka jera a kan yashi ba siminti a ƙarƙashi yana barin ruwa ya nutse, ko a bar gefe ɗaya da tsakuwa. Bishiya ɗaya a yammacin gida, mangwaro ko darbejiya ko kwakwa, nesa da harsashi da ramin salga don kada saiwa ta fasa su. Masallatan unguwa da makarantun Islamiyya masu ɗan fili su ne suka fi dacewa su fara. Jihar tana da ranar dashen itatuwa, 14 ga Yuli, tsakiyar damina lokacin da dashe yake kamawa, kuma sare babbar bishiya a Legas, ko a cikin gidanka take, sai da izinin hukumar lambuna ta LASPARK.